Kwanduna Uku a Shingen Balgasim

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Salwa ce ta aiko min da littafin nan daga Tunis tun bara, wai in riƙa rubuta tatsuniyoyin kakata kafin in bi ta da su kabari. 'Yar albarka, haka take magana da ubanta. Shekara guda yana kan kabad, matata Mabruka tana ɗora butar shayi a kansa. Yau na sauko da shi, kuma ba tatsuniya zan rubuta ba. Ban ma san abin da zan rubuta ba.

Mun fita da baƙi tara da otal ɗin Sidi Faraj ya turo: wani likita da matarsa da 'ya'yansu uku, malaman makaranta mata biyu, da wasu Turawa mata da miji da suka shafa mai suna ta walƙiya kamar kifin da aka fito da shi yanzu. Na yi musu yadda nake yi wa kowa. Na nuna musu tsuntsayen nan masu jan ƙafa a fadamar gishiri. Na tsaya a tudun yashi suka yi wanka, ruwa iya cinya, suna ihu kamar sun ƙetare teku da iyo. Mabruka ta hura gawayi a bayan kwale-kwale. Na ba su labarin cewa mu a tsibirin Karkana teku gona ce, kowa da tasa ta gado, da takarda, da iyaka. Mu kafa rassan dabino su zama shinge, idan ruwa ya janye kifi ya bi shinge har ya faɗa kwando. Na ƙara gishiri, ban musa ba. Na ce kakana ya taɓa ɗaga kwando ɗaya aka ciyar da taron biki da shi.

Sun ci kifi sun ƙoshi. Likita ya ce bai taɓa cin irinsa ba.

Mabruka ba ta ci ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Kwandunana huɗu na ɗaga musu jiya. Duk huɗun shuɗiyar ƙaguwar nan ce da ta addabe mu, ta cinye kifin ta bar min kai da ƙashi. Na ɗaga na farko na yi dariya. Na ɗaga na biyu na ce sa'a tana gaba. A na huɗu matar likita ta kira ni da sunan girma na masu jirgi, ta ce, "Baba Rayis, gonar gadon ke nan?" Yaran suka fashe da dariya. Baturen ya sauke abin ɗaukar hotonsa ya mayar jaka, a hankali, kamar mai tausayina. Wannan mayarwar ta fi min dariyar ciwo.

Shingen Balgasim yana gabas da nawa, jifa ɗaya.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan yau.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan azahar

Ina gidan shayin Lutfi, an raba karta, sai ga Balgasim. Shekara sittin da ɗoriya ina ganin mutumin nan, tun muna yara tsirara a bakin ruwa. Idan ransa ya ɓaci sai ya riƙa jan ƙafar hagu kamar ita ta yi masa laifi.

Na ce, "Tsohon kurma, zo zauna in cinye ka," yadda muka saba.

Bai ce min tsohon maƙaryaci ba. Nan na san da magana.

Ya ce ran Asabar ya kai matarsa asibitin ido a birnin Safakus, can tudu a ƙetaren ruwa, bai fita ba. Jiya ya je shingensa. Kwanduna biyu na gefe cike suke da kifin kwana uku, uku na tsakiya kuwa 'yan ƙanana ne na dare ɗaya.

Rajab mai aski ya ce, "Ɓarayin tudu ne, masu manyan jirage. Allah ya isa."

Balgasim ya ce, "Ɓarawon tudu yanke igiya yake ya tafi da kwandon. Wannan ya kwance, ya juye, ya mayar, ya ɗaure. Kuma da ɗaurin gidanmu ya ɗaure, na ubana. Mutum nawa suka iya shi a tsibirin nan? Ni, da wanda na koya wa."

Ba wanda ya kama suna, ba kuma wanda bai gane ba. Munji ne, mijin 'yarsa Jannat, ɗan manoman zaitun daga can tudu. Shekara tara ke nan da ya zo mana bai san gaban kwale-kwale da bayansa ba. Balgasim ya koya masa komai, suna aikin shingen tare, yana ba shi kasonsa. Ba shi da gonar teku tasa. Abin da yake da shi a nan, amanar surukinsa ce kawai.

Mutum nawa suka iya shi. Ubana ya rasu ina da shekara takwas, a kwale-kwalen Rayis Hammuda uban Balgasim na girma. Da na yi aure na koma ɗaurin dangin uwata, shekara hamsin ke nan. Kowa ya manta, har shi Balgasim. Hannuna ne bai manta ba. Ni a lokacin gani nake ladabi na yi, na mayar wa mutum da kayansa yadda na same su.

Lutfi ya ce, "Rayis, yau kai ne ake cinyewa haka? Ko Turawa sun tafi da hankalinka?"

Na ce rana ce.

Talata, 20 ga Mayu, bayan asuba

Mabruka ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta ƙara shiga kwale-kwale ba. Na ce wace ƙafa? Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗen gari.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Baƙi shida, duk 'yan Safakus. Na sayi kifi a kasuwa tun safe, na gasa da kaina, na ƙona rabi. Ban kai su shinge ba, na ce iska ba ta yi ba. Wata tsohuwa a cikinsu ta ɗaga gyalenta sama, ko motsi bai yi ba, ta ce, "Wace iskar, ɗan'uwana?" Na kai su tsohuwar ganuwa suka ɗauki hoto, na bar su suka tsinci kwanson wuri a bakin ruwa.

Na yi ta lissafi a zuciyata. Kifi ne. Kifin kwanduna uku. Da na tare shi ran Lahadi da safe na ce, Balgasim, baƙi sun tsare ni da ido na ɗaga naka, da ya zage ni, ya zagi kakana mai kwandon biki, mu yi dariya ya wuce. Ran Litinin ma da sauran dama, kafin ya ambaci ɗaurin. Bayan ya ambata ma da dama, a zaune nake, bakina na nan. Sai dai Rajab na nan, Lutfi na nan, mutum goma sha. Ni ne suke kira idan rigimar iyaka ta tashi a teku. Ni ne na tsaya a gaban masallaci shekarun baya na ce wanda ya sa hannu a kwandon wani kada a ɗauki gawarsa da mu. Na faɗa da ƙarfi kuwa, har aka riƙa maimaitawa.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Balgasim ya karɓe mabuɗin inji daga hannun Munji. Shi kaɗai yake fita yanzu, da wannan ƙafar tasa.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Jannat ta zo gidanmu da kwanon ɓaure busasshe, idanunta sun kumbura. A hannun Mabruka aka haife ta, ni na yi mata huɗuba don ubanta yana teku.

Ta durƙusa ta ce, "Baffa, kai kaɗai Baba yake jin maganarka. Wallahi ran Asabar Munji yana gida yana gyaran rufin ɗaki tun safe har magariba. Na faɗa wa Baba, ya ce mace ai mijinta za ta kare. Jiya Munji ya shiga gidan shayi, Rajab ya ce jama'a kowa ya riƙe aljihunsa. Aka yi dariya, Baffa. Ya dawo bai ci abinci ba. Ka je ka yi masa magana don Allah."

Mabruka tana zuba shayi, ba ta ɗago ba, ta ce, "Je ka mana, Rayis. Ai kai ka fi kowa sanin abin da za ka faɗa masa."

Na je. Na same shi yana ɗinkin raga a ƙofar gida. Na zauna, na yi zancen ƙaguwa, na yi zancen idon matarsa. Can na ce, "Balgasim, yaron nan fa ban ga alamar sata a tare da shi ba. Ka yi bincike. Wataƙila wani ne."

"Wa?"

Ya tsaya da allura a hannu yana jirana. Kaza ta wuce tsakaninmu. Na ga bakina ya buɗe, na ji ya ce, "Allah ne masani."

Ya yi murmushi, na farko a mako guda, ya dafa gwiwata. Ya ce, "Kai farar zuciya gare ka, Shadli, shi ya sa kake ganin kowa haka. Ba kifin ne ya dame ni ba. Da ya ce min Baba ina so, wallahi da shingen duka na ba shi. Amma ya ci, ya ɗaure da ɗaurin ubana, ya zo ya zauna muna cin kwano ɗaya yana rantsuwa? Sha shayinka, tsohon maƙaryaci."

Na sha.

Talata, 27 ga Mayu, bayan azahar

Farar zuciya.

Alhamis, 29 ga Mayu, da yamma

Injina ya mutu a bakin gaɓa, baƙi huɗu na zaune a ciki da hulunan kaba suna jira. Ina ta ja, ina ta zufa, sai ga Munji ya taho daga inda yake zaune shi kaɗai a kan tsohon kwale-kwalen da aka kife. Ya tuɓe riga, ya kwance wani abu, ya hura, ya mayar. Inji ya tashi.

Yana goge hannu ya ce, "Baffa Shadli, ka san a garin nan kai kaɗai kake amsa sallamata yadda ka saba?"

Na ce, "Komai zai wuce, ɗana."

Ya ce, "Ƙanen mahaifiyata ya ce da aiki a kasuwar kifi a Safakus, ɗaukar akwati. Ina tunani."

Na ce kada ya yi gaggawa. Na faɗa masa haka da wannan bakin nawa, na ja baƙina muka tafi kallon tsuntsaye. A hanya wata yarinya ta ce in ba su labari, an ce musu na iya labari. Na fara na kakata, na mutumin da ya auri 'yar sarkin ruwa, na kai tsakiya na nemi ƙarshen na rasa. Labarin da na ba da ya fi sau ɗari.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Liman ya yi huɗuba a kan tsaftar rijiyoyi. Na gode wa Allah.

Asabar, 31 ga Mayu, da hantsi

Na yi wata dabara. Tun jiya na zaɓi kifi masu kyau cikin nawa, na ƙara da na kasuwa, ya fi abin da baƙin nan suka ci. Da aka sallame asuba na fita kafin kowa, na zuba su a kwandunan nan uku, na mayar, na ɗaure. Na ce a raina idan ya ga kayansa sun dawo zuciyarsa za ta yi sanyi, ya ce a bar maganar.

Na dawo da nishaɗi, har na ci ƙwai biyu da yaji. Mabruka ta dubi wandona jiƙe har ƙugu, ta ce, "Me kuma ka je ka yi?"

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan magariba

Shekara saba'in da biyu a duniya, sittin da huɗu a teku, ban tsaya na tuna cewa mataccen kifi a kwando ba ya kama da mai rai ba.

Balgasim ya kwaso su a buhu ya kai ƙofar gidan Munji ya zazzage a ƙasa, mutane na kallo. Ya ce, "Ga shi ka amsa da hannunka. Wanda bai ɗauka ba me zai sa ya mayar? Matattu ka kawo min, da ɗaurin ubana kuma, karo na biyu!" An ce Munji ya dubi kifin, ya dubi surukinsa, ya shiga gida. Jannat ce ta share ƙofar.

Rajab ne ya kawo mana labarin gidan shayi, yana yi yana kwaikwayon tafiyar Balgasim. Ya ce, "Rayis, kai da ka je roƙa masa, yanzu me ka ce?"

Na ce zan je gida. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Talata, 3 ga Yuni, da rana tsaka

Munji ya tafi a jirgin fito na safe, da jaka ɗaya.

Alhamis, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Otal sun bugo, baƙi goma sha biyu ran Asabar, suna son ganin yadda ake ɗaga kwando kafin a cire shingaye a bar teku ta huta. Na ce ba ni da lafiya. Yarinyar da ta bugo ta ce, "Ayya Baba Rayis, kai suka nema da suna, wani likita ne ya yabe ka." Na ce ta gaishe shi.

Jannat ta ce da zarar yara sun gama jarrabawa za ta bi mijinta, kuma ba za ta ƙara taka gidan ubanta ba. Matar Balgasim tana kuka da idon da aka hana ta kuka da shi. Shi kuma na hango shi da safe, shi kaɗai cikin ruwa iya ƙirji, yana kokawa da kwando. Na rage gudun inji kamar zan tsaya. Ya ɗaga min hannu. Na ɗaga masa. Na wuce.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan azahar

Yau Mabruka ta yi magana. Kwana ashirin da ɗaya tana ajiye min abinci kamar mai ajiye wa baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba.

Ta zauna a gabana ta ce, "Baban Salwa, ina nan fa a kwale-kwalen. Na ji ka ce wa mutanen nan, wannan shingen ma nawa ne. Ni na gasa kifin. Na yi shiru don ina jira ka zama mutumin da na aura. Na jira har an kori ɗan mutane daga gari."

Na ce, "Me kike so in yi? In tsaya gaban Rajab in ce ni ne?"

Ta ce, "Rajab! Ashe Rajab kake tsoro. Mutumin da ko gemunsa bai iya gyarawa ba. To ka ji: jarrabawar yara ran Alhamis take ƙarewa. Idan Jannat ta hau jirgin nan ban ji ka buɗe baki ba, ni zan buɗe nawa, kuma a wurin mata zan fara, ka san yadda tasu take tafiya."

Na ce za ta iya tona wa mijinta asiri?

Ta ce, "Za ka ci abincin ne ko in rufe?"

Litinin, 9 ga Yuni, bayan magariba

Na ƙetare zuwa Safakus. Shekara goma sha ɗaya rabona da garin, ya ƙara hayaniya da hayaƙi. Na yi ta tambaya a kasuwar kifi har na sami Munji, da takalmin roba da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Ya rame. Da ya gan ni sai ya ajiye akwatin ya rungume ni, ya ce, "Baffa! Lafiya? Yara ne?"

Na ce kowa lafiya. Ya ja ni wurin mai shayi, ya hana ni biya. Sai da na juya kofi sau uku sannan na faɗa masa. Duka na faɗa, da ƙaguwa, da matar likita, da ɗaurin Rayis Hammuda, da matattun kifin. Ban san maganar gajeriya ce haka ba. Ko shayin bai huce ba na gama.

Ya dubi titi. Sannan ya ce, "Ranar da na gyara maka inji ma?"

Na ce har ranar.

Ya ce, "Ka ce kada in yi gaggawa."

Na ce na faɗa. Na ce ya yafe min don Allah, ya zo mu koma yau, ni zan yi wa Balgasim bayani a ɗaki mu uku.

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Baffa, ka shiga jirgi awa guda da rabi don ka faɗi wannan magana a garin da ba wanda ya san ka. A ɗaki aka ce min ɓarawo? A gidan shayin Lutfi aka ce kowa ya riƙe aljihunsa. A kan titi aka zazzage min kifi, 'ya'yana na leƙe ta taga. Can za ka je ka faɗa, lokacin karta, kowa na zaune. In ka yi, surukina ya kira ni da bakinsa. In ba ka yi ba, ka sha shayinka ka koma lafiya, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Wa zai yarda da ni?"

Ya ɗauki akwatinsa. Bai ce min Baffa ba da zai tafi.

Talata, 10 ga Yuni, bayan la'asar

Na yi.

Na sa rigar Juma'a, ban san dalili ba. Na tarar an raba karta, Balgasim na kujerarsa, tawa na nan kusa da tasa ba kowa. Ban zauna ba. Lutfi ya ce, "Rayis, aure za ka ƙara?" Aka yi dariya. Na jira ta lafa.

Na ce, "Jama'a, kwanduna ukun Balgasim ni na ɗaga. Baƙina na ciyar da kifin don nawa ƙaguwa ta cinye, na ji kunya. Ni na ɗaure da ɗaurin Rayis Hammuda, a hannunsa na koya. Ni na mayar da matattun. Munji bai san komai ba."

Ba wanda ya motsa. Har Rajab.

Balgasim ya ajiye kartarsa a rufe, ɗaya bayan ɗaya. Bai dube ni ba, teburin yake kallo. Ya ce, "Ka zo ƙofar gidana. Na tambaye ka wa. Ka sha shayina."

Na ce na sha.

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga sandar nan tasa. Ya miƙe ya ce wa Lutfi, "Ɗana, kira min mijin Jannat a wayarka, ni ban iya latsa abin nan ba." Ya fita da wayar bayan shago. Muna jin muryarsa sama-sama, sai ta tsaya, sai ta dawo. Da ya dawo ya miƙa wayar, ya bi ta gefena ya wuce kamar ya wuce turken ɗaure jaki.

Na tsaya nan da rigar Juma'ata. Daga baya Lutfi ya ce a hankali, "Je ka gida, Baba Shadli." Tun yana yaro Rayis yake ce min.

Laraba, 11 ga Yuni, da hantsi

Mabruka ta dafa kuskus da kifi, ta zauna muka ci tare. Ba mu yi zancen ba. Ban fita ba.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan la'asar

Mun hau motar haya zuwa tashar jirgin fito ta Sidi Yusuf, ni da Mabruka. Na ce mata zan je duba wani saƙo ne. Ta ce to, ta ɗauki gyalenta.

Na tsaya bayan rumfar masu sayar da tikiti. Jirgin ya cika da 'yan hutu, da kekuna, da lemomin rana, da yara masu robar iyo a wuya. Munji ya fito kusan na ƙarshe. Jannat da yaran na nan, da Rajab, da rabin unguwarmu, wasu don kunya, wasu don kallo. Balgasim ya ratsa su da ƙafarsa da yake ja, ya isa gaban surukinsa, ya sunkuya ya kama jakar. Munji ya riƙe, yana cewa a'a Baba, a'a Baba. Tsohon ya fizge ta ya ɗora a kafaɗa. Haka ya ɗauko jakar mijin 'yarsa tun daga bakin jirgi har mota, mai shekara saba'in da uku, kowa na gani.

Sun wuce ta gaban rumfar. Ƙaramar 'yar Jannat ta hango ni ta ɗaga hannu, uwarta ta sauke mata shi.

Mabruka ta ce, "Ka ga saƙon naka? Mu je gida."

Gobe za a cire shingen Balgasim. Shekara hamsin ni ke kama masa ɓangaren gabas. Bana ba a aiko ba.

Asabar, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Na je. Na ɗaure kwale-kwalena nesa, na shiga ruwa, na fara tumɓuke rassan daga can ƙarshe inda laka ta fi zurfi. Mutum bakwai ne, ba wanda ya kore ni, ba wanda ya yi min magana. Balgasim bai juyo ba ko sau ɗaya, kuma ban san ko zai ƙara juyowa ba.

Wajen azahar muka iso babban turken tsakiya, wanda sai da igiya ake jansa. Suka jeru, na tsaya gefe da hannuwana a ruwa. Suka ja bai motsa ba. Suka sake ja.

Munji ya jefo min bakin igiyar, bai dube ni ba. Ya ce, "Kama nan."

Na kama.